Direban da Ba Ya Kukan Kafili

A shekarata ta uku ina karatu a Riyad, mu shida muke haɗuwa duk Juma'a bayan an sauko, a ɗakin wani makanike a unguwar Ulaisha, mu ci abinci mu taɓa hirar gida. Wata rana wani mutum ya biyo mu daga masallaci, ya ce shi direba ne a Unguwar Ofisoshin Jakadanci. Hausarsa tsaf, hannunsa a sake. Tun daga ranar, duk mako da tiren shinkafa da kaza yake zuwa.

Abin da ya fara tsaya mini a rai, bai taɓa kukan kafilinsa ba. Duk ma'aikacin da na sani a garin yana da ƙorafi a kan ubangidan da ya ɗauko shi, ko a kan iƙama, takardar izinin zama. Shi kuwa sai labarin yaƙi, da bidiyon gawarwaki a waya. In yana nunawa, fuskokinmu yake bi da kallo ɗaya bayan ɗaya.

A cikinmu akwai wani magini mai sanyin hali, wanda 'yan bindiga suka kashe wa ƙane a ƙauyensu. A kansa direban ya tare.

"Ɗan'uwa, kuka kawai za ka yi ta yi?"

"To me zan yi? Allah ya isa."

"Akwai mazan da ba su tsaya a nan ba. In kana so sai in haɗa ka da su."

Magini ya yi murmushi ya kauce. Mako ya zagayo, direban ya sake ɗauko zancen. Wata huɗu ana haka, ban taɓa jin magini ya fara maganar da bakinsa ba.

Na so in ja wa magini kunne. Sai na yi tunani, in direban ɗan leƙen asiri ne, gargaɗina zai koma kunnensa, karatuna ya salwanta. In kuma ba shi ba ne, na munana wa Musulmi zato. Na ce jarrabawa ta matso, na daina zuwa.

Makanike ne ya ba ni ragowar labarin. Direban ya ba magini sabuwar waya, ya rubuta masa saƙon mubaya'a ga wasu masu ɗauke da makamai, ya ce ya tura. Ya tura. Kwana biyu bayan nan jami'an tsaro suka ɗauke shi a wurin aiki da hantsi. Direban kuwa ba a sake ganinsa ba, lambarsa ma ta daina shiga. Har yau ban san wa yake yi wa aiki ba.

Na san akwai masu ƙulla sharri da gaske, kuma sai an bi ta ƙarƙashin ƙasa ake kama su. Amma wannan bawan Allah ban ga sharrin da ya zo da shi ba, kawo masa aka yi har ɗaki.

Bayan magini ya daɗe a tsare aka mayar da shi gida. Na kira shi, na tambaye shi abin da ya sa ya tura saƙon. Ya ce, "Malam, wallahi kunyar ce masa a'a ce ta ishe ni."