Yayen Ɗan Farina

Ɗan farina bai yarda da komai ba sai nono da koko. Haƙora sun fito masa reras, amma in na kai masa tuwo baki sai ya datse su kamar na ba shi maɗaci. Na dafa dankali na murje, na dafa wake, na ɓare kifin da babansa ke sayowa a bakin gadar Wudil, na tsince ƙaya tas. Duk ya tofar. Kuma a ƙuryar ɗaki nake wannan fama, don a gidanmu uwa ba ta rawar jiki a kan ɗan fari. Ko sunansa ba na faɗa, sai dai "yaron nan".

Da lokacin yaye ya yi, surukata ta zo daga Indabo. Ta dube shi, ta dube ni.

"Ke kika sangarta shi da koko. Kawo shi, in ya ga yara suna ci zai ci."

Na so in ce a bar min shi ko zuwa bayan salla, kunya ta hana. Ni da kaina na ɗaure masa kayansa, ina dariyar da ba ta kai ciki ba. Nono ya yi ta jiƙa min riga, wanda ya tambayi jan idona in ce mura ce.

An ce kwana kaɗan ne, sai ga shi damina ta wuce. Da na samu na je, na tarar da shi a cinyar kakarsa, ya yi kumatu. Tana gutsuro tuwon dawa tana dangwalar miyar kuka, shi kuwa yana buɗe baki tun hannunta bai iso ba. Na yi murna, wallahi na yi. Amma na yi baƙin ciki, don ban ga ranar da ya fara ci ba.

"Maigidana ya zama mutum," in ji ta. "Kuma ya zauna ke nan, ba inda za shi."

Ta tashi ɗebo ruwa. Na waiga, ba kowa. Na yi sauri na mulmula 'yar loma na miƙa masa. Ya yi min kallon baƙuwa. Can ya sa hannu ya karɓa, ya bi ta yana tangaɗi har gindin randa, ya miƙa mata.

"Inna, ba ni."

Ta sa masa a baki, ya haɗiye. Ni kuwa na tsoma hannuna cikin ruwan wanke hannu, na daɗe ban ɗago kai ba.