Aikin Safe na Baba Lawan

Baba Lawan ya shekara talatin da huɗu a gidan marigayi Alhaji Maharazu da ke Nasarawa GRA. Daga wani ƙauye kusa da Gumel ya zo da jaka ɗaya, aka ɗauke shi kuku. Da hannunsa a abincin sunan 'ya'yan gidan, da na bikinsu, da na sadakar ukun Alhaji, daga baya ta Hajiya. Da gida ya watse, babban ɗa Taufiq ya koma Abuja, ƙanwarsa Nabiha ta bi miji ƙasar waje. Aka bar Baba da ɗakuna goma sha ɗaya a kulle, sai mai gadin kamfani a bakin get, wanda ake canzawa kusan duk mako.

Babu wanda zai dafa wa, amma yana da aiki ɗaya. A falo akwai tsohuwar kwamfuta da ke riƙe da kyamarorin gidan. Manhajarta tana katse kanta duk bayan awa goma sha biyu, sai an je can ƙasan allo, gefen agogo, an danna wata 'yar alama mai kamar ido da ɓangaren dama na linzamin kwamfutar, an zaɓi layi na biyu. Nabiha ce ta koya masa kafin ta tafi. Bai iya Turanci ba, amma ya san idon. Bayan asuba yana dannawa, kafin magariba yana dannawa, shekara shida.

Duk sanda ya danna, saƙo yana shiga wayar Nabiha cewa an haɗa. Ba ta kallon kyamara. Saƙon nan take jira, don shi ke gaya mata tsohon ya tashi da ƙafarsa. Kunnensa ya yi nauyi, waya wahala take ba shi, sai ranar Juma'a suke magana. In saƙo bai zo ba zuwa bakwai, takan kira masallacin layin a je a duba. Sau biyu kacal hakan ta faru. Wannan duk daga baya na sani.

Ni gyaran kwamfuta nake yi a Giginyu, kuma ba na ganin aiki ban ƙirga shi ba. Taufiq ne ya turo ni in duba batiran sola, na tarar da Baba yana fama da linzami. Hannunsa na rawa. Sau bakwai ya kuskure idon kafin ya same shi. Na taka daga ɗakinsa na baya zuwa falo: taku ɗari da tamanin da uku, da matakala huɗu, ga gwiwa ba lafiya.

"Baba, wannan wahalar ta ƙare," na ce. "Zan rubuta wa kwamfutar umarni ta riƙa danna kanta."

"Injiniya, ita da ba ta da hannu?"

"Zan yi mata."

"To ka yi mata baki ma, ta riƙa gaishe ni."

Na kira Taufiq, ya ce madalla, a yi. Na zauna na rubuta layi goma sha tara: kibiya ta je wuri kaza a allo, ta danna dama, ta sauko layi biyu, ta danna. Washegari abin ya ƙi. Wata alama ta shigo ta ture idon gefe, kibiyata ta je ta kashe lasifika. Baba ya yi dariya har da riƙe kujera.

"Yaron naka makaho ne, Injiniya. Inda ka ajiye shi jiya nan yake lalube. Ni ko ido ya ɓuya ƙarƙashin 'yar kibiyar can, ina zaƙulo shi."

Abin ya ci raina. Na sake rubutawa, wannan karon umarnin yana bin alamomin gefen agogo ɗaya bayan ɗaya yana karanta sunansu, har ya ga ta kyamara, ko ta ɓuya. Layi arba'in da ɗaya. Na gwada sau talatin, bai kuskure ko ɗaya ba. Daƙiƙa biyu yake ɗauka, aikin da ke cin minti tara na Baba. Na sa masa lokaci: shida na safe, shida na yamma.

Ina naɗe wayoyina Baba ya tsaya a bakin ƙofa.

"Ɗana, ka bar min na safen."

"Don me, Baba? Ka huta mana. Taku ɗari uku da sittin da shida na rage maka kowace safiya."

"Na saba ne."

"Za ka saba da hutu ma."

Ya buɗe baki kamar zai ƙara wani abu, sai ya gyara hularsa ya ce Allah ya yi albarka. Yanzu na gane. Dattijo kamarsa ba zai iya gaya wa sa'an ɗansa cewa yarinyar da ya goya tana duba ko ya kwana da rai ba. Ni kuma ban tambayi ina saƙon yake zuwa ba. Taufiq bai san da zancen ba, don haka bai gaya wa ƙanwarsa an taɓa komai ba.

Mako bakwai komai lafiya. Ranar wata Talata, Baba ya yi sallar asuba a ɗakinsa saboda gwiwa, ya miƙe, ɓarin jikinsa ya shanye, ya faɗi tsakanin gado da ƙofa. Ba kyamara a bayan gida. Mai gadin sabo ne, ya ɗauka tsohon ba mai fitowa ba ne. A masallaci an ɗauka ya je gida duba gona. Ƙarfe shida daidai saƙo ya shiga wayar Nabiha.

Sai Alhamis da hantsi Malam Zubairu, ladanin layin, ya zo karɓar tsanin da Baba ya ara, ya ji nishi. Da rai aka kai shi asibiti. Likita ya tambaya tun yaushe, aka faɗa masa, ya ci gaba da rubutu.

Da yamma Nabiha ta kira ni. Taufiq ne ya ba ta lambata.

"Malam, saƙo biyar na samu daga Talata zuwa yau. Wa yake dannawa?"

"Hajiya, ba kowa. Ni na sa kwamfutar tana danna kanta."

"Ya sani?"

"Ya sani. Ya ce in bar masa na safen."

Ba ta zage ni ba. Na ji tana numfashi, sannan ta ce, "Kullum in na gani sai in ce alhamdulillahi, in shiga kicin." Ta kashe.

Kwana goma sha ɗaya ya yi a asibiti, bai ƙara magana ba. Na je sau tara. 'Yarsa Safiya ta zo daga Gumel tana jinyarsa, tana yi min godiya wai na rage wa mahaifinta wahala, don a waya ya taɓa gaya mata wani yaro mai hankali ya zo gidan. Na faɗa mata abin da ya faru, tun daga farko. Ta saurara har ƙarshe, ta ce kwana ne ya ƙare, ta miƙo min kofin ruwa in riƙe tana ɗaga kansa.

Ranar Litinin ya rasu, bayan azahar. Mu goma sha huɗu muka bi motar gawar zuwa ƙauyensu. Allah ya jiƙan Baba Lawan, ya yafe mana.