Hatimin Yaya Tokuji

Shekara ashirin da biyu Sumie tana feɗe kifi a bakin tashar jiragen ruwa ta Hachinohe, har ƙarni ya daina damunta. Mijinta ya rasu tun 'yarsu Chihaya tana goye. Mace ce mai baki kamar reza, amma abu ɗaya take tsoro a duniya: hatimi.

Tana da dalili. Mahaifinsu ya taɓa buga nasa a takardar bashi ya tsaya wa wani aboki, abokin ya cika wandonsa da iska, aka ƙwace jirginsu na kamun kifi. Har tsohon ya mutu wasiyyarsa ɗaya ce: kada ku tsaya wa kowa, ko cikinku ɗaya.

Sai ga Chihaya ta sami jami'a a Sendai. Kuɗin shiga Sumie ta biya da guminta, na karatu kuwa sai da rancen gwamnati. Takardar rancen tana son hatimi biyu, na uwa da na wani ɗan'uwa mai zaman kansa. In ba a mayar da ita ranar Juma'a ba, za a tsayar da kuɗin, yarinya ta tattaro ta dawo feɗe kifi.

Ɗan'uwa ɗaya ya rage mata, yayanta Tokuji mai ɗinkin raga. Rabonsu da magana shekara tara, tun da ya ƙi tsaya mata ta kama ɗakin haya.

"Mama, yau fa Laraba," in ji Chihaya a waya.

"Ina da kalanda, ban makance ba."

"Ki je wurin Kawu mana."

"Ke kin san kawun naki? Wannan ko tarinsa ba ya ba mutum aro."

Ranar Alhamis da yamma dai ta tafi da ƙunshin wainar shinkafa. Sau biyu tana juyawa daga bakin ƙofa.

"Wa ya mutu?" in ji Tokuji, ko ɗago kai bai yi daga ragar ba.

"Babu wanda ya mutu, Yaya."

"To bashi ne ke nan. Ajiye wainar, ba ni da haƙoranta."

Ta durƙusa ta shimfiɗa takardar. Ya karanta ta har ƙananan rubutu, ita kuwa sai duban agogo take, don ƙarfe biyar saura kwata. Ko ya yarda, sai an karɓo shaidar hatimin daga ofishin gari, kuma biyar suke rufewa, ga shi sai an aika takardar yau kafin ta isa Sendai Juma'a.

"Kin tuna abin da Baba ya ce?"

"Na tuna."

"Gidan nan kaɗai gare ni, Sumie. In yarinyar nan ta kasa biya, ni za a zo wa."

Gaskiya ya faɗa. Ya ɗauko hatimin, ya dangwala a jar tawada. Sannan ya danna a kan takardar.

"Yaya, shaidar fa? An kusa rufe..."

Ya miƙe ya nufi wurin hoton mahaifinsu, ya zaro wata takarda daga ƙarƙashinsa. Shaidar hatimin ce. Ta duba kwanan watan: Maris, ranar da sakamakon jarrabawar Chihaya ya fito.

"Wata uku take yi ta mutu," ya ce, ya koma kan ragarsa. "Da kin ƙara mako guda da girman kan nan naki, da sai na sake bin layi."