Layun Alhaji Bawa a Cikin Iyakilina

Ko zan manta sunan garejin nan, ba zan manta safiyar da motar Alhaji Bawa ta yi mana gardama a unguwar Borokiri ba. Shekarar 1966 ce, rikici ya iso Fatakwal, kowane ɗan Arewa yana ɗaure kaya. Ni lokacin ƙaramin bakanike ne, wuyana kamar sifana lamba goma. Alhaji dillalin shanu ne, yana da wata tsohuwar a-kori-kura da na tabbata ta girmi kakata. Muka shirya da shi zan kula da ita a hanya, shi kuma ya ɗauke ni da matata Asabe da maƙwabcina Mamman mahauci. An ce ayarin motoci zai tashi da rakiyar 'yan sanda kafin azahar. Duk wanda ayarin ya bari, sai dai ya bi hanya shi kaɗai.

Aka loda kaya, aka yi kik, ta ƙi. Muka tura ta, ta kama da kyar tana tari kamar tsohon da ya shaƙi barkono. Ana taka totur sai ta yi jinkiri, ta fesa baƙin hayaƙi, ta mutu.

Ku da kuke koyon aikin nan, mota abu uku take so: wuta da mai da iska. Baƙin hayaƙi yana nufin mai ya rinjayi iska. Don haka na kai hannu kan iyakilina, wato tukunyar da ke tace iska kafin ta shiga kafireto. Alhaji ya dafe murfin, ya ce ba ni na wanke ta kwanan nan ba? Na tambaye shi ko wani ya taɓa injin bayan ni. Ya rantse ko bonet bai ɗaga ba, ya ce in duba wuta. Dattijo ne, kuma motarsa ce, sai na bi.

Na kwance fulogai, sun yi baƙi ƙirin, na kankare su. Na goge kwantak, na gwada kwayil, na zuƙi tiyon mai har na haɗiyi fetur ɗin da zai kai babur har garin Aba. Rana tana ta ɗagawa. Mamman ya gaji, ya ce zai je tasha ya nemi wata motar. Asabe ta roƙe shi ya tsaya, ya ce iyalinsa na jiransa a gida, ya saɓa jakarsa ya tafi.

Nan raina ya ɓaci. Na ce, "Alhaji, ka yi haƙuri, ka ɗauke hannunka." Na cire tukunyar gaba ɗaya, aka yi kik ɗaya, mota ta kama tamkar sabuwa. Da na buɗe murfin sai ga layu, ƙunshi guda a cikin tsumma, sun toshe hanyar iskar gam. Ashe waɗanda a da suke rataye a madubin motar ne. Alhaji ya ji tsoron a gan su a shingen bincike a gane motar Bahaushe ce, kuma ba zai iya yar da su ba, malaminsa kuma ya hana shi faɗa wa kowa inda suke.

"Yaro, su ne ke tsare mu," in ji shi.

"Sun tsare mu kam, Alhaji, tun asuba muna wuri ɗaya."

Ayari ya riga ya tafi. Mu kaɗai muka bi hanya, Asabe na kwance ƙarƙashin tamfol, har Allah ya tsallakar da mu Makurɗi. Mamman kuwa, na je garinsu bayan yaƙin basasa, matarsa ce take tambayata inda na baro shi.

Shi ya sa kuke ganin ina wasa da kowane kwastoma amma ba na karɓar rantsuwarsa. In hayaƙi ya nuna muku wuri, ku buɗe wurin, ko hannun waye a kai.