Gambo Ba-Sauka da Kunnen Kekensa

A Unguwar Shanu, in ka ce kana neman Malam Gambo za a tambaye ka wanne daga ciki. In ka ce Ba-Sauka, nan take za a nuna maka ƙofar da hayaƙin masa ke fita.

Mutumin Zamfara ne, siriri, mai ɗan gemu da furfura ta fara yi wa ado. Ya zo Kaduna yana saurayi, ya yi dako, ya yi tallan rake, ya yi gadi. Bai sami aikin da ya zauna masa ba sai da ya auri Laraba, mai suyar masar da ƙamshinta ke riga ta zuwa bakin titi. Ita ke suya, shi ke kaiwa. Da hantsi yakan ɗaure kula a bayan kekensa, ya nufi Malali wurin Rabi'u mai shayi, inda masu jiran masa ke zaune da kofuna a hannu.

Kafin teburin Rabi'u akwai wani hawa. Ba dutse ba ne, amma yana da mugun hali: yakan fara a hankali, ya bari ka saki jiki, sannan ya miƙe tsaye. Masu keke da yawa a nan suke sauka su tura. Gambo bai taɓa sauka ba. Daga nan sunan ya fito, kuma yana ji da shi fiye da hularsa ta Juma'a.

Keken ɗan gwanjo ne, irin mai giya da manyan tayoyi, wanda aka ƙera don hawan tsaunukan wata ƙasa, ya ƙare da dakon masa. A gindin tayar baya akwai wani ƙarfe mai 'yan ƙananan tayoyi biyu, shi ke ɗauke sarƙa daga wannan faifan haƙora ya ɗora ta a kan wancan. Hamisu mai gyaran keke, Bakano mai yawan zolaya, kunne yake ce masa. Abin canja giya da ke hannu kuwa, wanda siririyar waya ta haɗa shi da kunnen, baki.

"Baki ya faɗa, waya ta kai saƙo, kunne ya ji," in ji Hamisu. "Shi ke nan giya."

To, kunnen ya tsufa. Haƙoran 'yan tayoyin sun cinye sun zama ƙaya, ƙarfen kansa yana rawa kamar ƙofar da ta rasa ƙusa. Gambo zai canja giya a nan, sarƙa ta amsa sai an wuce gida biyu.

"Baba Gambo, kunnen nan ya kurumce," Hamisu ya ce. "Ka bar ni in nemo maka irinsa."

"Irinsa? Tsoho in sauya da tsoho?"

Gambo ya shiga gari da kansa. Ya dawo da wani sabo dal, baƙi, dogo, yana sheƙi kamar an shafa masa man shanu. Ya ajiye shi gaban Hamisu yana murmushi.

Hamisu ya juya shi, ya sake juyawa. "Wannan na mai faifai goma ne, naka bakwai. Kuma ba gidansu ɗaya da bakin ba. Bakin kekenka in ya ja waya, da Kananci yake magana. Wannan kunne Zamfarci yake ji."

"To mi ya hi wanga daɗi?" in ji Gambo, harshen gida ya motsa. "Ni da Laraba hwa? Bakanuwa ce, ga mu nan lahiya lau."

"Ita ai haƙuri take yi. Ƙarfe ba ya haƙuri."

"Ɗaura, yaro."

Hamisu ya ɗaura. Ya ja waya, ya sassauta, ya murɗa 'yan kusoshi, har ya samu sarƙa ta zauna a faifan tsakiya. Ya ce a shimfiɗaɗɗiyar hanya za ta lallaɓa, amma ban da hawa. Gambo ya riga ya ɗora ƙafa a feda.

Washegari Laraba ta cika kula, ta rufe, ta faɗi abin da takan faɗa kullum: "Malam, masata ba ta shiga bakin mutum a sanyaye."

Hanya ta yi daɗi. Sarƙa tana 'yar ƙara, cakar-cakar, Gambo ya ce sabunta ce. Ya iso gindin hawa, ya hango masu shan shayi a sama, ya gyara zama. Da hawan ya miƙe, ya danna giya. Baki ya ce taku ɗaya, kunne ya ji ɗaya da rabi. Ya sake dannawa. Sarƙa ta tsallake babban faifai gaba ɗaya, ta faɗa tsakaninsa da wayoyin taya, ta cije. Feda ta tsaya cak.

Allah ya sa akwai falwayar lantarki a gefen titi. Gambo ya miƙa hannu ya rungume ta, ƙafafunsa biyu suna kan feda.

Teburin shayi ya watse, kowa ya fito kallo.

"Ba-Sauka!" Rabi'u ya ƙwala daga sama. "Lafiya kake rungumar falwaya?"

"Gaisawa muke!"

"To in kun gama, ruwan zafi na jira!"

Wani ya ce a kira Hamisu a waya. Aka kira, ya ce yana Kinkinau, sai bayan azahar. Wani ya ce a ɗauke shi da keken gaba ɗaya a kai shi sama, kamar ango. Gambo ya yi dariya tare da su, amma bai saki falwaya ba. A ransa yana lissafin cewa zai iya zama a haka har azahar. Hannunsa bai gaji ba, sunansa bai taɓa ƙasa ba.

Sai ya kai ɗaya hannun baya, ya taɓa murfin kula. Ɗumin ya fara ja da baya. Ya tuna Laraba a gaban tanda tun assalatu, hayaƙi na sa ta hawaye, tana juya masa ɗaya bayan ɗaya.

Ya saki falwaya. Ya sa ƙafa a ƙasa. Ya kwance kula, ya ɗora a ka, ya jingine keken, ya haura da sassarfa. Rabi'u ya buɗe murfi, tururi ya tashi, ya ce, "Da zafinta."

Da yamma Hamisu ya zo da wani kunne na hannu, fentinsa ya koɗe, amma ɗan gidan su bakin ne, na mai faifai bakwai. Ya duba sarƙar ya ga ita ma ta miƙe, ya sauya ta da mai kaurin da ya dace. Ya ɗaga tayar baya, ya juya feda, ya danna giya. Ƙas, ƙas, ƙas, kowane faifai ya amsa kiransa a kan lokaci.

"Ka ji Kananci, Baba?"

"Na ji. Ba daɗi, amma ana ganewa."

Har yau Gambo yana hawan nan da hantsi, kula a baya, gemu a gaba. Masu shan shayi sun sauya masa suna, yanzu Sau-Ɗaya suke ce masa. Da farko yakan ɗaure fuska. Da Laraba ta ji dalilin sunan ta fara kiransa da shi a cikin gida, sai ya soma amsawa tun kafin a rufe baki.