Ranar da 'Yata Ta Ji Kiɗa da Haɓarta

Akwai wata la'asar a gidanmu na unguwar Khumra a Jidda da ba za ta fita daga raina ba har in koma ga Mahaliccina. A Jidda aka haife ni, kuma na tashi ban san Baba da komai ba sai kafinta, mutum mai yawan shiru.

Lokacin 'yata tana da shekara huɗu. Likita ya riga ya ce mana halas, magana ta ƙare, ba ta ji, ba kuma za ta ji ba. Na daina yi mata waƙa, daga baya har magana na daina yi mata. Ina jin kunyar wannan har gobe.

Ran nan Baba ya shigo da wani abu nannaɗe a bargo. Doguwar jita ce mai tsirkiya huɗu masu kauri, ya samo ta a kasuwar gwanjo.

Na ce, "Baba, me za ka yi da wannan?"

Ya ce, "Kafin in zo Hajji in zauna, ita ce sana'ata. Mu biyar ne, muna kiɗan rok a otal-otal, daga Jos har Legas. Ni ke riƙe bes, muryar ƙasa. Ran da na ga Ka'aba na ce na bar ta, yau shekara talatin. Yalla, miƙo min amaryata."

Ya ɗora haɓar yarinyar a kan katakon jitar, ya ja tsirkiya ɗaya. Ba lasifika, da ƙyar ni ma na ji. Amma ita sai ta zaro ido. Ta ɗaga kai ta dube shi, ta mayar da haɓarta da kanta. Rana ta ratso taga ta kwanta a kansu, Baba ya lumshe ido yana kaɗa ƙafa, furfurarsa kamar ba tasa ba. Ban san tsawon lokacin da muka yi a haka ba. Can sai na ji wani siririn gunji daga maƙogwaronta, yana bin kiɗan.

Baba ya share hawaye ya ce, "Sa bakinki a goshinta ki kira ta."

Na kira ta. Ta yi dariya, ta riƙe kaina kada in ɗaga.

Tun ranar na gane cewa in ɗanka bai ji ka ba, ba shiru za ka yi ba, matsowa za ka yi.