Motar da Na Koya wa Rarrafe

Tun da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama Mama na ɗauko ta daga ƙauye na kawo ta gidana a Narayi, abu ɗaya kawai take roƙona. Ba ta damu da asibiti ba, ba ta damu da abin da matata ta dafa ba. So take in mayar da ita gida sau ɗaya, tana da ranta, ta zauna kusa da ƙanwarta su yi hira. Uwarsu ɗaya ubansu ɗaya, suka kuma auri wa da ƙane, suka tsufa a tsakar gida ɗaya. Mama ƙarama muke ce mata, mijinta kuma Baba ƙarami, shi ne mai gidan tun rasuwar mahaifina. Idanun Mama ƙarama sun mutu, ta daina sauka daga dutse, ita kuma Mama ƙafarta ta ƙi.

Ƙauyenmu a kan dutse yake. Kwalta tana ƙarewa, a bi jan birji, shi ma ya ƙare a gindin hawa. Daga nan sai duwatsu masu kama da matakala da kwazazzabai da ruwan damina ya ci. Duk kakar zaɓe ana kawo gireda ta nuna fuska a ƙasa, a ɗauki hoto, ta koma inda ta fito. Ranar da aka sauko da Mama, a kan ƙyauren ƙofa samari suka ɗauko ta, ta kuma rantse ba za a sake ɗaukarta kamar buhun masara ba. Likita ya hana a jijjiga ta, don haka babur ma ya fita daga lissafi.

Ina da tsohuwar a-kori-kura fowil, mai ja da tayoyi huɗu, da na saya lokacin da na bar aikin gwamnati. Tana iya hawa dutsen, amma da faɗa. Sai ka ja baya, ka taka totur, ka auka wa dutse da gudu, kanka ya bugi rufi, kuloci yana ƙauri kamar an ƙona gashi. Ko lafiyayye ya sauka sai ya dafa ƙugu. Na kai kukana wurin bakanikena a Kakuri, wani ɗan kudu mai surutu da ya fi ni jin Hausar Kaduna.

"Oga, motarka tana da ƙarfi, haƙuri ne ba ta da shi," in ji shi. Ya buga ƙaramin sandan giya da ke gefen babban. "Ka ga wannan okzilari? Akwatinsa yana ƙasa, shi ke raba ƙarfi tsakanin tayoyin gaba da na baya. In muka cire haƙoran da ke ciki muka sa waɗanda suka fi su saukar da gudu, injin zai yi ta juyawa, taya kuwa ta riƙa tafiya kamar tsohuwa za ta coci. Ba gudu, ba taka kuloci. Mama ko shayi za ta iya sha a ciki."

Muka yi ta jiran haƙoran daga Legas har na fara zaginsa a waya. Da suka iso ya sauke akwatin ya baje a kan buhu. Sabon babban haƙorin ya fi tsohon faɗi, ya ƙi shiga mazauninsa, dole aka kawo injin gurza aka ci bangon akwatin ta ciki kaɗan kaɗan, ana gwadawa ana sakewa. Ina tsaye a kansa cikin rana, don na san in ya huda bangon nan, babu wani akwatin a duk Kakuri. Bai huda ba. Ya wanke da fetur, ya ɗaure, ya zuba sabon mai.

A bayan Kamazou muka gwada ta, inda masu tifa suke haƙar ƙasa. Na sa okzilari, na sa giya ta ɗaya, na ɗage ƙafa daga komai. Mota ta kama gangaren ta fara hawa da kanta, tana gurnani a hankali. Wata mata da itace a ka ta zo ta wuce mu tana kallonmu kamar marasa aikin yi. Na yi dariya har da hawaye. Bakanike ya ja mini kunne cewa kada in kuskura in taka totur da ƙarfi a wannan giya, ƙarfin ya kusa ninkawa, shaf zai iya karyewa kamar rake. Da na dawo gida na faɗa wa Mama, a ranar ta sa matata ta fito mata da zanenta na zumuntar matan coci ta goge.

Na ce bari in fara zuwa ni kaɗai in ga hanya. Ƙarshen damina ne. Na shimfiɗa katifar da Mama za ta kwanta a baya don in ga ko za ta zame, na ɗora gishiri da sabulu na tsaraba, na lulluɓe da tamfol. Ban aika cewa ina tafe ba, don ba a neman izini kafin a je gidan uba, kuma waya a garinmu sai an hau wani falalen dutse take kamawa. Na ajiye kwano cike da ruwa a kujerar gefe. Na ce in ruwan nan bai zube ba, Mama za ta iya.

Ruwan bai zube ba. Motar ta riƙa ɗora taya a kan dutse, ta tsaya kamar mai tunani, ta haye, ta sauke ɗaya a hankali. Hanyar ta rufe da ciyayi, rassa suka riƙa maƙalewa a bamba da madubi, ban damu ba. Hadari ya haɗo, gari ya yi duhu, na kunna fitilu. Ina tafe ina waƙar coci, abin da na daɗe ban yi ba. Wajen rabin hawa na ji ƙararrawar cocinmu, bugu ɗaya a dakata, bugu ɗaya a dakata. Na ce Allah sarki, wa kuma muka rasa?

A garinmu mai rai da babur yake zuwa, ko da ƙafa, ko in mota ce, da gudu da hayaniya. Wadda take hawowa a hankali, da fitila da rana tsaka, da ɗanyen ganye a goshi, gawa ta ɗauko. Haka aka saba kawo 'yan gari da suka mutu a birni, samari suna turawa suna sa duwatsu a bayan taya don kada akwati ya bugu. Daga saman dutse kuwa ana hango hanyar gaba ɗaya. Sun gane motata, sun san wadda take kwance a gidana, sun ga dogon abu lulluɓe a baya. Kuma sabuwar giyata ta ba su isasshen lokaci.

Kafin in kashe injin mata sun rufe motar da kururuwa. Wasu suna birgima, wasu suna jan tamfol. Na fito ina tambayar wa ya mutu, ba mai saurarona. Sai da tamfol ya faɗi aka ga katifa da buhun gishiri, sannan wurin ya yi tsit. Mama ƙarama tana zaune a ƙasa, ta yaye ɗankwali, ƙura har cikin bakinta, tana kiran sunan yayarta. Ita kaɗai ba ta ga gishirin ba, sai da na durƙusa na kama hannunta.

"Mama ƙarama, ni ne. Tana nan da ranta. Da safe ma ta sha kunu."

Ta daɗe tana shafa fuskata kafin ta ce, "To me ya sa ka zo haka?"

A bayan gida na tarar da samari da diga da shebur, rami har ya kai musu cinya. Sun haƙa a gefen kabarin mahaifina, wurin da Mama ta nuna da bakinta tun ranar da aka binne shi. Baba ƙarami yana tsaye da sandarsa, ko kunya babu a idonsa.

"Kai ka jawo," ya ce. "Mai lafiya ba ya tafiya haka. Har da ganye ka ɗaura."

"Baba, daji ne ya ɗaura. Ba wanda zai iya saukowa ya tambaye ni? Ko yaro da rarrafe ya fi motar nan sauri."

"Ba a tarar gawa da tambaya," ya ce, ya juya mini baya.

Na ɗauki shebur zan mayar da ƙasa, samari suka riƙe ni. Wai ramin da aka buɗe ba a rufe shi da yunwa, sai an kwantar da kututturen ayaba a ciki an yanka baƙar akuya. Fasto ya iso yana haki, ya ce muddin aka yi wannan a gidan dattijon ikkilisiya, sai ya sa gidan duka a horo. Baba ƙarami yana tsoron kakanni, yana tsoron fasto, ya rasa wanda ya fi tsoro. Aka yi ta musu har ruwa ya sauko. Ƙarshenta aka ɗora tsohon kwanon rufi a bakin ramin aka danne da duwatsu, wai sai an zauna.

Na roƙi Mama ƙarama ta biyo ni Kaduna, tunda katifa tana nan. Aka kamo hannunta har jikin motar. Ta taɓa ƙarfen, ta janye hannu da sauri. Ta ce ba za ta shiga ba, in dai kawo mata yayarta.

Saukowa ma ban taɓa birki ba, injin ya riƙe motar har ƙasa. Aikin ya yi kyau ƙwarai, abin da ya ƙara ƙona mini rai ke nan. A gida na tarar da sauran. Ashe tun ina rabin hawa wani mai rawar kai ya hau falalen dutse ya buga wa danginmu na Sabon Tasha. Matan zumunta suka ɗauro zane suka shigo gidana da kuka, suka iske Mama a kujerarta tana tsince acca da hannunta mai lafiya. Matata ta ce ɗaya daga cikinsu har takalmi ta bari. Mutanen unguwa sun daɗe suna ba da labarin suna dariya, ni dai har yau ban ga abin dariya ba.

Mama ta jira kowa ya watse, sannan ta kira ni.

"Sun haƙa?"

"Sun fara, Mama."

"A ina?"

"Kusa da Baba."

Ta gyaɗa kai, kamar wannan bai yi mata ciwo ba. "Sun rufe?"

Na yi mata bayanin ayaba da akuya da fasto. Ta saurara har ƙarshe, ta ce, "Ba zan je da idona biyu in ga ramina a buɗe ba. In sun rufe ka faɗa mini." Ta sa matata ta mayar da zanen cikin akwati.

Na yi ta zarya a kan dutsen nan har tayoyin suka san kowane kwazazzabo. Na kai dattawan ƙungiyar garinmu na Kaduna, suka ci kaza suka ce a yi haƙuri. Na ce zan sayi akuyar a yanka ba da sanin fasto ba, Baba ƙarami ya ce garin ba ya riƙe sirri. Na ce fasto ya zo ya yi addu'a a rufe, tsofaffi suka ce addu'a ba ta cika rami. Na kawo nawa 'yan kwadago daga ƙasa, aka tare su a bakin gari. A wannan tsakanin kowa ya gano amfanin motata. Mai siminti, mai taki, mai kwanon rufi, duk suka san ƙofar gidana. Na kai wa rabin garin kayansu lafiya, ko ƙwai bai taɓa fashewa ba. Duk zuwa sai Mama ƙarama ta jiyo gurnanin injin ta sa a fito da ita, ta tambaya ko na zo da ita. Duk dawowa Mama ta dube ni, in girgiza kai. Na tsani mutanen nan a lokacin, na faɗa musu a fuska, kuma ban janye ba.

Da rani ya shiga aka bugo da safe cewa Mama ƙarama ta kwanta ba ta tashi ba. Da na faɗa wa Mama, ta juya fuska ga bango. Na kama hanya ni kaɗai. Ko da na isa an gama, saboda zafi ba su jira ba. Na nufi inda nake zaton za a sa ta, ɓangaren Baba ƙarami, ban ga sabuwar ƙasa ba. Sai na hangi tsohon kwanon nan jingine da katanga.

Maganar da ta gagari dattawa da fasto wata da watanni, a safiya ɗaya suka warware ta. Ga rami a shirye, ga mai shiga. Ba ayaba, ba akuya, ba horo, kowa ya fita kunyar kowa. Baba ƙarami ya ce mini, da bakinsa, Allah ne ya kawo mafita. Na duba gefen mahaifina. Ta ɗaya hannun katanga ce, ta ɗayan kuma ga matar ƙaninsa. Ban yi masa gaisuwa ba, na shiga mota.

Na iske Mama zaune, matata ta jingina ta da matashi. Ban san ta inda zan fara ba, ita ta sauƙaƙa mini.

"Sun rufe?"

"Sun rufe, Mama."

Ta dube ni sosai. Uwa ce, ta karanta sauran a fuskata. "Da ita?"

"Da ita."

Na durƙusa a gabanta, na ce mata yanzu ba abin da zai hana, mota tana da mai, hanya ta bushe, ko gobe ta ce mu tafi zan kai ta.

"Ka kai ni wurin wa?" ta ce.

Ta kalli hannunta da ya mutu a kan cinyarta, ta ɗaga shi da ɗayan ta gyara masa zama. Can ta sake magana, a hankali, ba tare da ta dube ni ba.

"To ni kuma a ina za su sa ni?"